Ƙiba, Rama da Lafiyar Jiki

1. Abin da ido ke gani

A ƙasarmu in mutum ya yi ƙiba, sai a ce ya samu. In amarya ta cika, ta yi kumatu bayan wata uku a ɗakinta, sai a ce miji ya iya kiwo. In kuwa ta rame, sai magana ta tashi a unguwa, a ce ba ta jin daɗin zaman gidan, ko kuwa kishiya ta sa mata hannu. Saboda haka mata da yawa, har da waɗansu maza, su kan nemi ƙiba ido rufe, su sayi ƙwaya a kasuwa su sha. A birane kuma wani sabon abu ya shigo. 'Yan mata suna ganin hotunan siraran mata a waya da talabijin, sai su ƙi cin abinci don su zama kamarsu.

Duka hanyoyin nan biyu suna kai mutum asibiti, wani lokaci har kabari. Ku lura da wannan magana tun daga farko: ido ba ya auna lafiya. Akwai mai ƙiba marar lafiya, akwai siriri mai ƙarfi kamar ƙarfe. Jiki kuwa ba a tilasta masa, ko da ƙwaya ko da yunwa. Wanda ya tilasta masa, shi zai biya.

2. Kitse rumbun jiki ne

Kowane manomi ya san amfanin rumbu. In kaka ta yi kyau, a ci, a zuba saura a rumbu. In bazara ta yi tsanani, a buɗe a ɗiba. To, haka jiki ya ke. Abincin da mu ke ci shi ne ke ba mu ƙarfin noma, da tafiya, da numfashi. Ko muna barci jiki yana cin abin da muka ba shi. Abin da ya yi saura, sai jiki ya mai da shi kitse ya ajiye. Ranar da abinci ya kasa, ko ciwo ya kwantar da mutum, daga wannan kitse jiki ya ke ɗiba. Ashe ke nan kitse daidai gwargwado abu ne mai amfani. Macen da kitsenta ya ƙare sarai, jinin al'adarta ya kan ɗauke, ba ta kuwa samun ciki.

Amma rumbun jiki ba ya cewa ya cika. In ana ta zubawa ba a ɗiba, sai ya yi ta ƙaruwa. Ku dubi ragon turka. An ɗaure shi wuri ɗaya, ga dusa ga harawa, ba ya zuwa ko'ina. Ku dubi ɗan'uwansa da ke bin makiyayi daji. Ba sai an gaya muku wanda zai tara kitse ba.

Kakanninmu sun ci tuwo sun ƙoshi, amma sun yi noma da fartanya, sun yi surfe da daka, sun ɗebo ruwa daga rafi, sun je kasuwa da ƙafa. Yanzu ga injin niƙa, ga babur, ga lemon kwalba, ga taliya da soye-soye. Aiki ya ragu, mai da sukari sun ƙaru. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2022, cikin kowane mutum 8 na duniya, 1 yana da ƙiba wadda ta kai matsayin cuta.

Akwai kuma gado. Mutum biyu su kan ci a akushi ɗaya, su yi aiki iri ɗaya, wannan ya yi ƙiba, wancan ya zauna siriri. Don haka ba daidai ba ne a yi wa mai ƙiba ba'a, a ce haɗama ce, ko a yi wa siriri gori, a ce rowa ce ta gidansu.

Kitsen da ya fi ɓarna shi ne na ciki, watau teɓa. Shi ne ke lulluɓe hanta da hanji. Shi ke jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Yawan nauyi kuma ya kan cinye gwiwa, ya kan sa haihuwa ta yi wuya.

3. Yadda za ka auna kanka da igiya

Ba sai kana da kuɗi za ka san ko teɓarka ta wuce kima ba. Igiya ta isa. Ga yadda a ke yi.

Ka tuɓe takalmi da hula, ka tsaya sak. Wani ya auna igiya daga tsakar kanka har diddigenka, ya yanke. Ka ninka igiyar gida biyu. Sa'an nan ka kewaya ta a cikinka, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu, watau sama da cibiya kaɗan. Kada ka shanye ciki, ka saki numfashi kamar kullum. In bakin igiya ya haɗu har da ɗan saura, madalla. In bai haɗu ba, teɓa ta yi yawa. Ka'idar ita ce, kewayen cikin mutum kada ya kai rabin tsawonsa. A shekarar 2022 hukumar da ke ba likitocin Ingila shawara ta ce mutane su riƙa yin wannan awo da kansu. Maza da mata duk ɗaya ne, sai dai mai juna biyu, ita ba a yi mata wannan awo.

In ka je asibiti, ka roƙi malamin asibiti ya ɗora ka a sikeli, ya kuma auna tsawonka. Ga nauyin da ya dace da baligi, namiji ko mace:

Mai tsawon mita 1.5, kilo 42 zuwa 56.
Mai tsawon mita 1.6, kilo 47 zuwa 64.
Mai tsawon mita 1.7, kilo 53 zuwa 72.
Mai tsawon mita 1.8, kilo 60 zuwa 81.

Ku duba da kyau, ku ga faɗin da ke tsakanin lambobin nan. Mata biyu masu tsawon mita 1.6, wannan kilo 48, waccan kilo 62, dukansu lafiyarsu ƙalau. Siririyar da nauyinta ke cikin wannan iyaka, tana ci, tana aiki, ba ta bukatar maganin kowa.

4. Ramar da ta ke bukatar likita

Akwai bambanci tsakanin siriri da ramamme. Siriri haka aka halicce shi. Ramamme kuwa dā yana da jiki, sai jikin ya zube. In mutum yana ramewa ba da nufinsa ba, har riga ta yi masa yawa, to, akwai dalili, lalle ne kuwa a nemo shi. Tarin fuka ya kan rame mutum. Haka ciwon sukari, da ƙanjamau, da tsutsar ciki, da ciwon daji, da baƙin ciki mai tsanani. Wanda ya yi mako 2 yana tari, yana zufa da dare, yana ramewa, ya je a gwada majinarsa. A asibitocin gwamnati na Nijeriya gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne.

Kumburi kuma ba ƙiba ba ne. Yaron da aka yaye, ba ya samun komai sai kunu tsarara, ya kan kumbura ƙafa da fuska, gashinsa ya yi ja. Uwa ta ga kumatu ta yi murna, alhali yunwa ce ke cinsa. Ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, ruwa ne. Ki kai shi asibiti a ranar.

5. Sha ka fashe

Son ƙiba tsohon abu ne, ba kuwa a ƙasar Hausa kaɗai ba. A Muritaniya akwai al'adar ɗura wa 'yan mata nonon raƙumi da gero kafin aure. A Kalaba akwai ɗakin da a kan killace amarya, a yi ta ciyar da ita har ta cika. Abin da ke sabo shi ne ƙwaya. Masu tallar magani a kasuwa da waɗansu masu kemis suna sayar da abin da a ke kira sha ka fashe. Su kan ƙulla shi a leda babu kwali, ko su dama shi cikin wani haɗi su ce na gargajiya ne. Yawanci magani iri biyu ne a ciki.

Na farko sunansa sifroheftadin. In yana cikin kwalinsa, za ku ga sunan ya fara da baƙaƙen nan: CYPRO. Asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da yawan atishawa. Ya kan buɗe ciki, ya kan kuma sa barci. Mai shansa sai ci sai kwanciya, kamar ragon turka. Ya kan sa jiri da kasala, akwai kuma waɗanda ya taɓa wa hanta.

Na biyu shi ya fi haɗari. Sunansa deksametason, a kwali kuwa ya fara da DEXA. An fara haɗa shi a shekarar 1957. Magani ne mai ƙarfi ƙwarai, a hannun likita ya ceci rayuka. A shekarar 2020 masu bincike a Ingila sun gano cewa yana rage mutuwar masu cutar korona da ciwo ya tsananta musu. Amma wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa.

Ga abin da ya ke yi wa mai shansa kullum don ƙiba. Ya kan sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri. Ya kan kwashe kitse ya tara shi a fuska, da ƙeya, da ciki. Fuska ta yi zagaye kamar faifai, mutane su ce ta yi kyau. Amma a lokacin nan yana cin tsokar hannu da ta cinya, har su sirance, tashi daga tabarma ya zama aiki. Fata ta yi laushi, ta tsage da nankarwa mai faɗi. Ƙuraje su fito, miki ya ƙi warkewa. Sukarin jini ya hau, jini ya hau. Ƙashi ya zama kamar kara, abu kaɗan ya karya shi. Ya kan kawo gyambon ciki da yanar ido, ya kan rikita al'adar mata. Ya kan kuma karya garkuwar jiki, har tarin fuka da ke kwance ya tashi. Wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya bayyana irin wannan kama a shekarar 1932, shi ya sa likitoci ke kiranta da sunansa. Hausawa kuwa tun tuni suka ce garin neman ƙiba a kan samo rama.

Yanzu ku saurara da kyau, gama wannan magana ta rai ce. Wadda ta yi makonni tana shan wannan ƙwaya, kada ta bari farat ɗaya. Ga dalili. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama, aikinta yin wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke riƙe da ƙarfin jini da sukarin jiki. Deksametason kama da shi ya ke. In ana shansa kullum, sai 'yan tsokokin nan su ga an ɗauke musu aiki, su kwanta barci. Ranar da aka yanke ƙwaya gaba ɗaya, babu na waje, babu na ciki. Sai amai, da jiri, da suma, wani lokaci mutuwa. Abin yi shi ne ta ɗauki ragowar ƙwayar ta kai wa likita, ta gaya masa gaskiya, guda nawa ta ke sha, tun yaushe. Shi zai riƙa rage mata kaɗan kaɗan har jiki ya farka. Ba abin kunya ba ne. Likita ya ga irinta da yawa.

Ku kuma magidanta, da gwaggwanni masu shirya amarya, yawancin masu shan ƙwayar nan maganarku ce ta tura su. Miji ya ce, “Dubi matar wane yadda ta cika.” Gwaggo ta ce, “Haka za mu kai ki, kamar sillen kara?” Gobe yarinya ta aika kasuwa. Ku auna, kumatun wata uku da ciwon sukari na har abada, wanne ya fi nauyi?

6. Mai son ƙara jiki

Wanda awo ya nuna nauyinsa ya kasa, likita kuma ya duba bai ga cuta ba, maganinsa yana cikin gidansa. Ya ci sau uku a yini, ya ƙara da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani. Ya haɗa tuwo da abin da ke gina jiki, watau wake, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da awara, da ƙwai, da nono, da kifi ko nama in an samu. Kunun gyaɗa da safe, fura da nono da rana, kwaɗon zogale da ƙuli, ɗanwake da mai, duk suna sa jiki. Cokali guda na man gyaɗa a miya yana ƙara ƙarfin abinci ƙwarai, gama mai ya ninka tsabar hatsi ƙarfi fiye da sau biyu. Ya sha maganin tsutsa in malamin asibiti ya ce a sha. Ya yi aiki, ya sami barci. Jikin da aka samu ta wannan hanya tsoka ce da ƙarfi, ba ruwa ba.

7. Mai son rage teɓa

Wanda igiya ba ta kewaye shi ba, kada ya firgita. Ba sai ya koma kamar saurayi zai ga amfani ba. A Amurka an yi gwaji da mutum 3,234 waɗanda ciwon sukari ya kusa kamawa. Aka sa waɗansu daga cikinsu su yi ƙoƙarin rage kilo 7 cikin kowane kilo 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai sauri ta minti 150 a mako. Da aka fito da sakamako a shekarar 2002, sai aka ga kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Watau mai kilo 85, in ya rage kilo 6 kaɗai, ya yi wa kansa babban rigakafi.

Ga hanya. A fara da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda kuwa ta kan ɗauki wajen cokali 9. Ku tuna kuma da wanda a ke zubawa a shayi, da koko, da zoɓo, da fura. Sa'an nan a rage soye-soye. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye, kamar kuka, da yakuwa, da alayyafo, da kuɓewa. Wake da dambu da faten kabewa suna riƙe ciki. Gero da dawa da acca sun fi farar shinkafa da burodi daɗewa a ciki. A yi tafiya ta rabin awa, kwana biyar a mako, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Matar da ba ta fita, daka da shara da zagaya tsakar gida da sauri duk motsa jiki ne. In ana rage rabin kilo a mako, ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada a ce za a rage jiki da yunwa. A shekarar 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, samari 36 lafiyayyu suka yarda a gwada yunwa a kansu. Aka yi wata 6 ana ba su wajen rabin abincin da suka saba ci. Suka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma suka zama masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, har mafarkinsa su ke yi. Da aka sake su, waɗansu suka yi ta ci ba su iya tsayawa. Haka yunwa ke yi wa kowa. Wanda ya hana jiki da ƙarfi, jiki zai rama da ƙarfi.

Shayin rage teɓa da a ke talla, yawancinsa maganin gudawa ne ko na yawan fitsari. Ruwa ya ke fitarwa, kitse yana nan inda ya ke. Akwai allurar rage ƙiba ta gaske, wadda aka yarda da ita a Amurka a shekarar 2021, amma tana da tsada, likita ne kaɗai ke ba da ita, in an bari kuma nauyi ya kan dawo. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an sami jabunta. Kada ku karɓi irin wannan allura a hannun ɗan talla.

8. Cututtukan da ke rikita cin abinci

Wani lokaci maganar ci ta kan wuce son kyau, ta zama cuta a cikin tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 14 ke fama da irin waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Sun fi kama 'yan mata, amma samari ma ba su tsira ba. Ga guda huɗu da ya kamata ku sani.

Ta farko, cutar ƙin ci. Likitoci na kiranta anoreksiya. Wani likitan Landan, William Gull, shi ya sa mata wannan suna a shekarar 1873. Ga abinci a gida, amma yarinya tana tsoron ƙiba kamar tsoron maciji. Ta rame har ƙashi ya fito, ta dubi madubi ta ga kamar tana da ƙiba. Ta kan ce ta riga ta ci, ko ta ɓoye tuwonta ta ba kaji. Al'adarta ta ɗauke, gashin kanta ya zube, tana jin sanyi ko da bazara, zuciyarta ta yi rauni. Cikin cututtukan tunani, tana cikin waɗanda suka fi kisa.

Ta biyu, cutar ci da amai, watau bulimiya. Wani likitan Landan, Gerald Russell, ya bayyana ta a shekarar 1979. Mai ita ta kan ci abinci mai yawa a ɓoye, cikin ɗan lokaci, sa'an nan kunya da tsoro su kama ta, ta sa yatsa a maƙogwaro ta amayar, ko ta sha maganin gudawa. Ba a cika gane ta ba, domin jikinta ya kan zauna daidai. Alamunta su ne shiga bayan gida da zarar an gama ci, da lalacewar haƙora saboda tsamin amai, da kumburi a gefen muƙamuƙi. Yawan amai yana zubar da gishirin da zuciya ke aiki da shi, har ta kan tsaya.

Ta uku, cutar ci babu tsayawa. Mai ita ya kan ci har cikinsa ya yi ciwo, ko ba ya jin yunwa, ba ya kuwa iya dakatar da hannunsa. Ba ya amayarwa. Bayan ya gama sai baƙin ciki ya rufe shi. Ita ta fi biyun farko yawa. Mutane su kan ce haɗama ce, alhali mai haɗama yana jin daɗin cinsa, wannan kuwa wahala ya ke sha.

Ta huɗu kun san ta, ita ce cin ƙasa. Mata masu juna biyu da ƙananan yara su kan ƙwallafa rai ga farar ƙasa, ko jar ƙasar bango, ko gawayi, ko alli. Sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini. Ƙasa kuwa ta kan kawo tsutsa, ta kan toshe hanji, ta kan kuma hana jiki amfana da abinci. A gwada jinin mai cinta. In an ba ta maganin ƙarin jini, sau da yawa sha'awar ta kan tafi.

9. Abin da ya faru a Fiji

Wani zai ce cutar ƙin ci da ta amai na Turawa ne, ba za su zo mana ba. To, ku ji labarin Fiji. Tsibirai ne a tsakiyar tekun Pasifik. Mutanen can kamar mu su ke, suna son mace mai jiki, in baƙo ya zo su cika shi da abinci, in mutum ya rame su damu. A shekarar 1995 talabijin ya isa wani lardi nasu mai suna Nadroga. Wata likita 'yar Amurka, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan makaranta a wannan shekara, ba ta sami ko ɗaya mai yin amai don rage jiki ba. A shekarar 1998 aka sake tambaya. Sai ga 11 cikin 100 suna yi, 74 cikin 100 kuma suka ce suna ganin jikinsu ya yi yawa. Shekara uku kacal. Yau kuwa hotunan da suka fi na talabijin yawa suna cikin wayar da ke hannun 'ya'yanmu.

10. Abin da iyaye za su yi

Waɗannan cututtuka ba taurin kai ba ne, ba kuwa sammu ba. Duka ba ya warkar da su, zagi ƙara su ya ke yi. Uwa ta sami lokacin da babu kowa, ta ce, “'Yata, na ga abinci yana ba ki wuya kwanakin nan. Ba faɗa zan yi miki ba. Zo ki zauna, ki gaya mini abin da ke damunki.” Ko ta musa, kada a yi fushi, gama musu yana cikin cutar.

A kai ta asibiti da wuri, a gaya wa likita duk abin da aka gani. In ya ga ya kamata, zai tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsa ba ya nufin hauka. Akwai manyan asibitocin wannan aiki a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato. Ana warkewa, musamman in an fara magani da wuri. Ga matasa, likitoci sun ga cewa taimakon iyaye shi ne babban magani, watau a zauna a ci tare, a kan lokaci, da haƙuri, kullum.

Wadda ta daɗe ba ta ci sosai, kada a ɗura mata abinci mai yawa rana ɗaya. Jikin da ya saba da yunwa ba ya ɗaukar haka, zuciya ta kan kasa. Likita ne zai tsara yadda za a ƙara mata. In kuwa ta suma, ko ba ta iya tsayuwa, ko zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko ta yi amai da jini, ko ta yi maganar kashe kanta, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Daga ƙarshe, ku kiyaye harshenku a gaban yara. Kada a riƙa kiran wannan buhu, a kira waccan tsinke. Maganar da babba ya yi da wasa, yaro ya kan riƙe ta shekara goma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka ce kitse rumbun jiki ne?
2. Ka nuna wa 'yan ajinku yadda a ke auna teɓa da igiya.
3. Mace mai tsawon mita 1.6 tana da kilo 50. Tana bukatar maganin ƙiba?
4. Ka faɗi ɓarna huɗu da deksametason ke yi wa mai shansa don ƙiba.
5. Don me ba a barin wannan ƙwaya farat ɗaya?
6. Waɗanne alamu ne za su sa a kai yarinya asibiti nan take?